Tsakanin Glock 19 da P365: wacce za ka iya dogara da ita a ƙugunka kullum?

Wani ɗan'uwa mazaunin Houston, a jihar Texas ta Amurka, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da katin zaman dindindin, kuma ina tsare shagon gidan mai da dare. Kwanan baya an yi fashi a shagon da ke kusa da namu, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ina so in sayi ƙaramar bindiga da zan riƙa ɓoyewa a jikina. An nuna mini Glock 19 da Sig P365. Ƙaramar ta fi burge ni, amma na ji ana cewa ƙanana suna cijewa. Wacce ce ba za ta ba ni kunya ba, kuma wacce ta fi sauƙin sarrafawa ga wanda bai taɓa harbi ba?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kare ka da abokan aikinka, ya sa kada ranar buƙatarta ta zo.

Duka biyun bindigogi ne masu kyau, kuma idan ka saye su sababbi daga shago mai lasisi, da wuya ƙarfen ya zama shi ne matsalarka. Amma ga wanda bai taɓa harbi ba, ni Glock 19 nake zaɓa masa, ko wata mai kusan girmanta. Dalilina shi ne, rashin cijewar bindiga ba a sunan kamfani yake ba. Abubuwa biyar ne ke haɗuwa su samar da shi: bindigar kanta, gidan harsashinta, harsashin da aka zuba mata, hannun da ya riƙe ta, da kuben da take kwana a ciki. Duk yadda bindiga ta ƙara ƙanƙanta, haka take ƙara rashin yafe kuskure a cikin waɗannan abubuwa.

Glock 19 ta fito a 1988 daga ƙasar Ostiriya, an rage tsawon yayarta Glock 17 ne aka samar da ita. Tana cin harsashi 15 mai milimita 9, tsawon bututunta milimita 102, nauyinta wajen gram 670 idan babu harsashi, idan ta cika kuma ya haura gram 800. P365 kuwa a 2018 ta shigo kasuwa, tana cin harsashi 10, bututunta inci 3.1 (wajen milimita 79), nauyinta wajen rabin kilo, kaurinta inci ɗaya. Abin da ya sa ta yi tashe shi ne, kafin zuwanta bindigogi masu wannan girma harsashi 6 zuwa 8 suke ɗauka, kamar Glock 43 da M&P Shield. Saboda haka ban ga laifinka ba da ta burge ka. A shago, ƙaramar kullum ita ke cin zaɓe, domin a shago ɗagawa ake yi ana auna nauyi, ba harbi ake yi ba.

Don ka gane maganar cijewa, sai ka san abin da ke faruwa a cikin bindigar idan an taɓa kunama. Allura ta daki gindin harsashi, albarushi ya kama, kan harsashi ya fita. Ƙarfin da ya tura shi gaba, shi ne ke tura saman bindigar baya, wato ƙarfen nan mai zamiya da ake cewa silaid. A tafiyarsa ta baya wata 'yar ƙugiya ke jawo kwanson da ya ƙone, a cillar da shi waje. Daga nan sifirin ya dawo da silaid gaba, ya kwaso sabon harsashi daga bakin gidan harsashi ya cusa shi a makwancinsa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Babu batir, babu inji. Ƙarfin harbin ne kaɗai ke yin aikin, kuma an auna shi daidai da nauyin silaid da taurin sifirin.

To, a ƙaramar bindiga silaid ɗin gajere ne kuma marar nauyi. Gudunsa ya fi yawa, tazarar da yake tafiya ta fi gajarta, don haka dole a sa masa sifirin mai tauri. Ma'ana, lokacin da kwanso ke da shi ya fice, da lokacin da sabon harsashi ke da shi ya taso ya tsaya a hanya, duk sun ragu. Idan komai yana daidai, tana aiki lafiya lau. Amma ƙurar aljihu ta taru, ko mai ya bushe, ko sifirin gidan harsashi ya gaji, ko riƙo ya yi sako-sako, ƙaramar ce za ta fara nuna alama tun babbar ba ta san an yi ba. Wannan shi ne asalin abin da ka ji ana faɗa. Ba ƙarya ba ne, sai dai an faɗe shi babu bayani.

Maganar riƙo ita ce na fi so ka riƙe, domin a filin koyon harbi ita na fi gani. Silaid yana buƙatar gangar bindigar ta tsaya cak kafin ya iya zamewa a kanta. Idan wuyan hannunka ya yi laushi, gangar za ta bi silaid ɗin baya tare, ƙarfin ya tafi a banza, sai ka ga kwanso ya maƙale a tagar fita yana tsaye. Sabon ɗalibi zai ce bindigar ta lalace, malami ya karɓa ya harba gida guda babu ko tangarɗa. Mariƙin P365 na asali gajere ne, mai babban hannu ƙaramin yatsansa a iska yake rataye, kuma hannu na biyu ba ya samun wurin da zai kwanta sosai. Ka tuna kuma ranar da za ka buƙace ta, ba tsaye za ka kasance cikin natsuwa da hannu biyu ba. Wataƙila hannu ɗaya ne, yana gumi, yana rawa, ɗayan yana tare mutum ko yana riƙe da waya. A irin wannan hali mariƙi mai cika hannu ya fi duk wani abu da aka rubuta a kwalin bindiga.

Akwai wani lissafi da mutane ba sa yi. Jan kunamar irin waɗannan bindigogi yana buƙatar ƙarfin wajen kilo biyu da rabi. Idan bindigar rabin kilo ce, kana danna ta da ƙarfin da ya ninka nauyinta sau biyar, kuma kana so kada bakinta ya motsa. Shi ya sa sababbin maharba na hannun dama harsashinsu ke sauka ƙasa ta hagu. Ga shi tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajera ce, ƙaramin kuskure a ido sai ya zama babba a kan abin hari. Ga kuma tokarin da take yi wa tafin hannu, domin harsashi ɗaya ne da na babbar, amma babu nauyin da zai shanye shi. Bindigar da ke sa hannu ciwo ba a yawan atisaye da ita, wanda ba ya atisaye kuwa bai iya ba, ko nawa ya kashe.

Ban ce ƙaramar ba ta da hujja ba. Bindigar da ta yi maka nauyi har ka bar ta a gida, ba ta da amfani a gidan mai ƙarfe biyun dare. Zafin Houston ma ba ya barin mutum ya jibga kaya. Idan ka gwada Glock 19 ka ga ba ta ɓoyuwa a jikinka, akwai 'yan tsakiya: Glock 48 da 43X da suka fito a 2019, sirara ne amma mariƙinsu yana cika hannu, suna cin harsashi 10, akwai kuma P365 XL mai ƙarin tsawo da harsashi 12. Ka'idar da nake ba ɗalibai ita ce, ɗauki mafi girman da za ka iya ɓoyewa da gaske kuma ka jure ta tun safe har dare. Wuraren koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Ka je tare da malami, ka harba kowacce kwali guda, hannunka zai gaya maka gaskiyar da mai shago ba zai gaya maka ba.

Gidan harsashi kuwa, shi ne sanadin cijewa mafi yawa bayan hannun mai harbi. Leɓensa na sama shi ke saita harsashi, idan ya buɗe ko ya lanƙwashe ko kaɗan, shi ke nan. Sayi na asalin kamfanin, aƙalla uku ko huɗu, ka rubuta wa kowanne lamba a gindi. Duk lokacin da bindiga ta cije, ka duba lambar wanda ke ciki. Idan ɗaya ne ke maimaitawa, ka cire shi daga aiki, kada ka ji tausayin kuɗinsa.

Game da harsashi, milimita 9 ya isa, kada kowa ya ruɗe ka da maganar wanda ya fi ƙarfi. FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta zagaya wannan hanya ta dawo. Bayan musayar wutar da aka yi a Miami ranar 11 ga Afrilu 1986, inda aka kashe jami'anta biyu aka raunata biyar, ta koma ga harsasai masu girma, har aka samar da harsashin .40 S&W a 1990. Daga baya, da ƙirar harsashi ta inganta, ta dawo kan milimita 9, kuma a 2016 ta ba Glock kwangilar bindigogin jami'anta. Hujjarta ita ce jami'ai sun fi samun abin hari da shi, cikin sauri. Harsashi iri biyu za ka saya: mai mulmulallen kai mai araha na atisaye, da mai rami a baki na ɗauka, irin su Federal HST ko Speer Gold Dot. Mai ramin yana buɗewa ya tsaya, bai cika ratsawa ya sami wanda ke baya ba, wannan kuwa babban abu ne a shagon da mutane ke shiga da fita. Sai dai fasalin bakinsa daban ne, wata bindigar tana karɓar wani iri ta ƙi wani. Don haka kada ka ɗauki harsashin da ba ka gwada a taka bindigar ba.

Ni ba na yarda ɗalibi ya rataya sabuwar bindiga sai ya wanke ta, ya sa mata mai, ya harba ɗari biyu zuwa uku na atisaye, sannan aƙalla hamsin na wanda zai riƙa ɗauka, ta kowane gidan harsashi, da hannu biyu, da hannun dama kaɗai, da na hagu kaɗai. Idan ta cije ba tare da an gano dalili ba, a mayar wa kamfani ya duba, a sake gwaji daga farko. Kuɗin wannan gwaji ka sa shi cikin farashin bindigar tun farko. Kuma kada ka yi rawar jikin sayen ƙirar da ta fito jiya. Ko manyan kamfanoni sukan gano gyara bayan kaya ya shiga hannun jama'a: a 2017, shekarar da sojojin Amurka suka zaɓi Sig P320, kamfanin ya buɗe shirin gyara ta kyauta bayan an nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata fuska. Ƙirar da ta shekara da shekaru a ƙugun 'yan sanda an riga an san halinta. Kada kuma ka canza mata kunama da ta kasuwa don ta yi laushi. Bar ta yadda aka ƙera ta.

Yanzu sai kube, wanda mutane ke rainawa alhali a nan hatsarin yake. Glock ba ta da maɓallin kullewa na waje da ake turawa da babban yatsa. Abubuwan kariyarta uku ne, ɗaya a kan kunama, biyu a ciki, kuma duk suna sakewa ne idan aka ja kunama. P365 ma yawanci haka ake sayar da ita, ko da yake akwai mai maɓalli. Ke nan abin da ke tsakaninka da harbin kanka shi ne kube mai tauri, wanda aka ƙera don wannan ƙirar takamaimai, wanda ya rufe kunama ruf, kuma bakinsa ba ya rufewa idan an zare bindigar. Na roba mai tauri da ake kira Kydex ya fi dacewa da sabon shiga. Na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, ka bar shi a shago. Soka ta a wando tsirara ko jefa ta aljihu tare da makullai, wannan neman ajali ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka harbi cinyarsu, wajen mayarwa cikin kube abin ya same su: gefen riga ko igiyar jaket ta shiga gaban kunama, suka danna. Zarewa ce ake koyon sauri a kanta, mayarwa kuwa a hankali ake yi, ido yana kallo, yatsa a miƙe a gefe. Wannan ya fi tsanani ga mai ɗauka ta gaba kusa da cibiya, domin bakin bindigar yana kallon babbar jijiyar jinin cinya.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Wando mai tazuge ba ya riƙe kube. Sai bel mai tauri na wannan aiki, in ba haka ba za ka zaro bindiga da kubenta tare. Kaftani yana ɓoyewa da kyau, amma tsawonsa yana hana kai hannu, sai an koyi yaye shi. Ga alwala, ga bayan gida, ga ruku'u da sujada inda mariƙi ke tokaro riga ta baya, kuma mariƙi ne ke tona asiri, ba bututu ba. Duk wannan ka gwada shi a gida da bindiga marar harsashi, harsasan kuma suna wani ɗaki daban. Idan za ka cire ta, cire ta tare da kubenta. Masallaci kuma ka tambayi shugabanninsa; idan sun hana ko sun kafa sanarwar hani, ka bi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Dokokin da ake koyarwa a kowane aji suna kan wannan layi: ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka nufin hallakawa, yatsa ba ya hawa kunama sai ka yanke shawarar harbi, kuma ka san abin da ke bayan abin da kake hari.

Za ka ji ana gardama kan ko a bar harsashi a makwanci ko a bar shi wayam. An ƙera waɗannan bindigogi don a ɗauke su a ɗane cikin kube mai kyau, kuma haka jami'an tsaro ke yi, domin ɗanawa tana cin lokaci da hannu biyu. Tun 1983 wani ɗan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21 cikin wajen daƙiƙa ɗaya da rabi. Amma kai da ba ka taɓa harbi ba, kada ka fara da haka sai malami ya ga zarewarka da mayarwarka ya gamsu. Idan ka fara, kada ka riƙa cusa harsashi ɗaya kana fitarwa kullum. Kansa yana iya nutsewa cikin kwanso, matsin ya yi yawa.

Kula da ita ba wahala. Gumi da zaren riga su ne abokan gaba. Duk mako ka goge, ka ɗiga mai kaɗan inda littafinta ya nuna, kada mai ya shiga ramin allura. Sifirin silaid yana gajiya, na ƙananan ya fi saurin gajiya, a canza shi kan kari. Ka kiyaye abu ɗaya: kafin a kwance Glock sai an ja kunama. Cire gidan harsashi tukuna, ja silaid baya, duba makwanci da ido, taɓa da yatsa, sake dubawa. Wanda ya juya wannan tsari ya bar harsashi a ciki.

Ta fuskar doka, mai katin zaman dindindin yana iya saye bayan binciken da shago ke yi, amma wanda ke kan bizar karatu ko ziyara dokar tarayya ta hana shi, in ban da 'yan keɓantattun halaye. 'Yan'uwa masu karanta wannan su lura. Tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta ba ɗan shekara 21 zuwa sama da doka ba ta haramta wa ba damar ɗauka babu lasisi. Duk da haka ka je ka yi lasisin. Ajin awa huɗu zuwa shida ne da gwajin harbi, za a koya maka inda aka hana shiga da ita, wasu jihohi suna amincewa da shi, kuma yana da amfani ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai. Ka tuna Philando Castile, baƙar fata mai lasisi, wanda ɗan sanda ya harbe a motarsa a Minnesota a watan Yulin 2016 bayan ya sanar cewa yana ɗauke da bindiga. Kai ma baƙar fata ne, harshenka na baƙo ne. Idan an tsayar da kai, kunna fitilar cikin mota, hannu biyu a kan sitiyari, faɗi cewa kana da lasisi da bindiga da inda take, kada ka kai hannu ko'ina sai an ce ka kai. Ka kuma nemi izinin mai gidan man a rubuce, domin kamfanoni da yawa suna hana ma'aikata.

Wannan kuma ina roƙonka da shi: idan ɗan fashi kuɗin akwati yake so, ba shi. Ko da dokar jiha ta bar wata kafa kan kare dukiya, kuɗin wani ba su kai ranka ba, ba su kai ɗaukar ran wani da shekarun shari'a ba. Wanda ya riga ya nuna ka da bindiga ya riga ka, zarewa a gabansa ba jarumta ba ce. Bindigarka ta lokacin da ka tabbata rai ake nema ce, kuma babu hanyar tsira. Mai ɗauke da ita shi ne zai fara ba da haƙuri a kowace cacar baki.

A gida, in ba ta jikinka, tana cikin akwatin ƙarfe mai makulli. Saman kabad da ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ne ga yaro. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2021 sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Zaman ƙasar waje yana da kaɗaici da matsi. Idan kai ko wani a gidanka ya shiga ƙunci mai tsanani, ko rikici ya yi zafi tsakaninka da iyali, fitar da ita daga gidan ta hanyar da doka ta yarda har ƙura ta lafa.

Idan za ka je ganin gida, lasisin Texas ba ya aiki a Najeriya. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol, wato bindigar hannu, cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa, kuma harsashi ma laifi ne mai kai mutum kurkuku. Jakar da kake zuwa filin harbi da ita, kada ta zama jakar tafiyarka. Kafin ka haɗa kaya, zazzage kowane aljihu na jaka da na jaket, domin harsashi ɗaya da ya ɓuya a lungu ya isa a tsare ka a filin jirgi, ko a Houston ko a Kano.